Gilashin kyamarata ya fara ƙin aiki: in kai gyara ko in sayi wani?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina cin abinci da gilashin zum (mai jawo abu kusa ko nesanta shi a hoto) guda ɗaya, kuma na saba da shi kamar hannuna. Tun makon jiya, idan na ɗauki hoto a f/4 (lambar da ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashin) lafiya ƙalau, amma da na rage ƙofar haske zuwa f/8 sai kyamara ta tsaya cak, ta rubuto cewa ba ta jin gilashin. Bai taɓa faɗuwa ba. Ina da aiki nan da kwana goma, hankalina ya tashi. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko sisi, cire gilashin ka goge ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinare da ke gindinsa da busasshen ƙyalle mai laushi. Sannan ka ɗaura shi a kyamarar wani. In can ma ya yi haka, to laifin gilashin ne.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, gyaran kyamara ne sana'ata, kuma na san wannan ciwon. A cikin gilashin akwai wani siririn fileks, wato zirin wayar wuta mai lanƙwasuwa, kamar na cikin wayar salula, da ke kai wuta ga ganyayyakin ƙofar haske. Duk lokacin da ka juya zum sai ya lanƙwasa ya miƙe, shekara da shekaru, har ya tsage. A f/4 ƙofar a buɗe take gaba ɗaya, ba a bukatar motsa ta, shi ya sa ba ka ganin matsala. Gwada a farkon zum da ƙarshensa. In wani wuri ya yi wani ya ƙi, kusan tabbas shi ne. Kayan ba shi da tsada, aikin ne mai wuya, don sai an kwance gilashin har ciki. Ka tambayi mai gyaran ko zai daidaita ƙananan gilasan da ke cikinsa bayan ya haɗa. Idan ka karɓo, ka manna jarida a bango ka ɗauka, ka duba kusurwa huɗun hoton. In ɗaya ta dushe, mayar masa.

Amsa ta uku:
Yaya, haska tocila ta cikinsa tukuna. Ni nawa da na duba na tarar da zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ta riga ta ci siririn shafen da ke fuskar gilashin, gogewa ba ta fitar da tabon ba. In naka tas yake, gyara. Amma in kuɗin gyara ya haura rabin na siyan irinsa na hannu, ni dai ba zan biya ba. Kuma kada ka shiga aikin nan da gilashin da bai kwana biyu da fitowa daga gyara ba, ka ari wani ka riƙe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na goge ƙarafan, bai canza ba. A kyamarar abokina ma haka ya yi, kuma sai na wuce tsakiyar zum yake tsayawa. Na haska, babu fumfuna. Gobe zan kai a faɗa mini kuɗin fileks ɗin, abokin nawa kuma ya yarda ya ara mini nasa.