Wai da gaske jirgin yaƙi yana iya makantar da rada?

Ɗan Bolari:
Salam jama'a. Gardama ce ta kaure a majalisarmu nan Gombe, wani ya kafe wai akwai na'urar da ake ɗaura wa jirgin yaƙi ya ɓace ɓat rada ba ta ganinsa, ni kuma nace abin fim ne kawai. Masana a raba mana gardama don Allah.

Baban Ummi, Wunti:
Wa alaikumus salam. Na'urar kam akwai ta, amma ba ɓatar da jirgi take ba. Ita rada sigina take harbawa, in ta bugi jirgi ta dawo sai a lissafa nisansa. To jirgin sai shi ma ya watso tasa siginar mai ƙarfi a kan mita ɗaya da ta radar har ta danne wadda ta dawo. Kamar dai mai tirela ya dalle maka ful layit da dare a hanyar Alkaleri, ka san da mota a gabanka amma nisanta sai Allah.

Injiniya Sadiq:
Baba wannan ai tsohon yayi ne, na yanzu yaudara suke yi. Akwai wadda ake kira DRFM, tana kama siginar radar ta adana ta sannan ta mayar da ita da ɗan jinkiri, sai mai kallon allo ya ga jirgi a inda babu shi ko ya ga guda biyar alhali ɗaya ne. Amurka na da jirgi musamman na wannan aikin, EA-18G Growler na Boeing, Rasha kuma na ɗaura na'urar ruɗin rada mai suna Khibiny a jirginta na yaƙi Su-34. Dabarar ma ta daɗe fa, tun 1943 jiragen Ingila suka zubo siraran falle-fallen alminiyam a saman Hamburg suka rikita radar Jamus.

Baban Ummi, Wunti:
Haka ne ɗana, sai dai ka manta in jirgi ya matso kusa sosai radar na fin ƙarfin na'urar ta gan shi, kuma akwai makami mai linzami da siginar ruɗin ma yake bi har ya cimma mai watso ta.

Ɗan Bolari:
To ya akayi 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet ɗinmu a Zamfara a 2021?

Injiniya Sadiq:
Malam ai su ba rada gare su ba, da ido suke saiti su buɗe wuta, harsashi kuwa ba ruwansa da sigina.