Ina son gwada Linux ba tare da na goge Windows ba

Aminu Garwa: Salamu alaikum jama'a. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025 nake son ɗanɗana Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, amma lissafin shago duk yana cikin kwamfutar, ba na son abin da zai taɓa shi. HP ce, RAM giga 4. A manhajojin da ke kunna Linux a cikin Windows, wacce zan ɗauka, VirtualBox ko VMware?

Malam Buba: Wa alaikumus salam. VirtualBox, kyauta ce.

Sadiya: VMware ma ai ta zama kyauta tun 2024, Malam.

Isa Marwa: Ƙanena, tsaya ka ji nawa tukuna. Ni ma giga 4 gare ni. Na sauke Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, kusan giga 6, datar wata ta ƙare a dare ɗaya. Na yanka mata giga 3 na RAM, na bar wa Windows ɗaya, nan take komai ya sandare, ko linzami ba ya motsi. Ga zafin Afrilu, fanka na ruri kamar injin markaɗe. Ana tsakiyar girkawa aka ɗauke wuta, batir kuwa ya mutu tun bara, sai daga farko. Karo na biyu ta kammala, kalmar sirri ta ƙi shiga. Ashe da AZERTY, tsarin madannan Faransanci, na rubuta ta a akwatin VirtualBox, ita kuwa Ubuntu ta tashi da madannan Amurka, in na danna a sai q ta fito. Wallahi har Magariba ina fama. Ka ɗauki Linux Mint Xfce, girmanta bai kai giga 3 ba, ka ba ta giga 2 na RAM kawai. Kuma kada ka bar VirtualBox ta girka ta da kanta, ka zaɓi madannan Faransanci da hannunka.

Malam Buba: Ɗan Marwa na kukan zafi? Zo Garwa ka gani.

Isa Marwa: Ku da kuke da Binuwai a ƙofar gida, Malam.

Sadiya: Yaya Aminu, danna F10 lokacin kunnawa ka shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na asali, ka buɗe VT-x, in ba haka ba Linux ba za ta tashi a VirtualBox ba.



Aminu Garwa: Na gode. Wa ke da Mint a filasha? In zo bayan La'asar.

Malam Buba: Akwai. Taho da taka, tawa ta cika.