Neman shawara: kwana 9 ina maƙale a babi na 3 na gem ɗin Celeste

Ɗan Agege: Salam ƴan uwa, dan Allah waɗanda suka taɓa buga Celeste ku taimaka min. Gem ne na tsalle-tsalle da wasu ƴan Kanada suka fitar a 2018, wata yarinya Madeline ce ke son hawa dutse, abu uku kawai take iya yi, tsalle da kama bango da dash (wato zabura da sauri zuwa gefe guda), amma wlh tunda nake buga gem ban ga mai matse mutum kamarsa ba. Babi na 1 da na 2 na wuce su da ɗan gumi, yanzu ina babi na 3, cikin otal ɗin wani fatalwa mai suna Oshiro, ɗakunan da baƙaƙen ƙwallaye masu jan gefe suke kai da komo, ka taɓa ɗaya ka mutu. Lissafin mutuwata ya haura 1,300 a babin kaɗai. Ina tashi daga shagon POS bayan isha'i, in ci abinci in kunna laftop, kafin in ankara sha biyun dare ta yi ina ɗaki ɗaya, babban yatsana har ya yi kanta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ina ganin hanyar sarai, na san inda zan dira, sai in danna dash sama ta dama yarinyar ta tafi dama kai tsaye ta faɗa cikin ƙaya. Kuma ina son gem ɗin sosai, labarinta na fama da fargaba ya shige ni, bana so in ajiye. Hannuna ne matsalar ko pad ɗin da nake buga gem da shi? Sannan in na kunna Assist Mode, tsarin nan da ke sauƙaƙa gem ɗin, ba ha'inci na yi ba?

Baban Hafsa, Idi Araba: Wa alaikassalam ƙanina. Da analog kake juyawa, ƴar sandar nan ta kan pad, ko da maɓallan kibiya?

Ɗan Agege: Da analog yaya, pad ɗin na bulutut ne.

Baban Hafsa, Idi Araba: To ga rabin ciwonka nan. Dash ɗin Madeline fuska 8 kawai yake da su, sama ƙasa hagu dama da kusurwoyi huɗu, shi kuma analog zagaye yake, in yatsanka ya ɗan karkace kaɗan gem ɗin zai ɗauka dama kake nufi. Koma maɓallan kibiya, kwana biyun farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu amma daga baya inda ka nufa nan za ta je. Kuma ka jona pad ɗin da waya, bulutut wani lokacin yana ɗan jinkiri, a gem ɗin ƙwallo ba za ka lura ba amma a nan ƙiftawar ido ce tsakanin ka dira da ka mutu. In naka bai karɓar waya ka leƙa Computer Village a Ikeja, ka gwada kibiyoyin a gaban mai shago kafin ka biya, wasu laushi gare su kamar burodi.

Yaron Mile 12: Ƙari akan maganar Baban Hafsa, duba ko laftop ɗin tana jone da caja lokacin da kake bugawa. Ni abin da ya same ni kenan, da an ɗauke wuta sai ta koma kan batir ta rage ƙarfi, hoton ya dinga ɗan sarƙewa, ni kuma ina ta zargin hannuna. Yanzu in ba wuta ko janareta bana taɓa ɗakuna masu wuya.

Anti Obalende: Ɗana ni na gama shi har ƙolin dutsen, babi na 7, kuma da Assist Mode na wuce ƙarshen otal ɗin inda Oshiro ke biyo ka, ban ji kunyar kowa ba. Su masu gem ɗin ne suka saka shi da hannunsu, ba satar hanya ka yi ba. Kuma ba dole ka kunna rashin mutuwa ba, akwai rage gudu, daga 100 zuwa 50 cikin ɗari. Ni 80 na saka, na koyi yadda ƙwallayen ke zagayawa, na maida 100 na sake bi. Su ƙwallayen nan ai ba hauka suke yi ba, lokacinsu ɗaya ne kullum, tsaya a bakin ɗaki ka kalle su zagaye uku kana ƙirgawa a baki kafin ka motsa, kamar mai jiran tsallaka titin Ikorodu da yamma.

Ɗan Alaba Rago: Anti ki yi haƙuri ni dai ban goyi baya ba. Daɗin gem ɗin duk yana cikin lokacin da ka sha wuya sau 200 a ɗaki ɗaya sannan ka wuce da hannunka, ni ranar da na tsallake Oshiro ihu na yi har maƙwabcina ya buga min bango. In ya saba da rage gudu me zai yi a babi na 4 da iska ke tura mutum baya? Shawarata ya bar istiroberi ɗin nan ja da ke rataye a lungu, ba a buƙatarsu wajen gama labari, rabin mutuwar mutane wajen kwaɗayinsu ne. Kuma ka dinga kallon gashinta, in ja ne kana da dash, in ya koma shuɗi ka kashe shi sai ka taka ƙasa ko ka taɓa koren lu'ulu'u. In ta daɗe a bango ta fara walƙiya ja ƙarfinta ya kusa ƙarewa kenan, kar ka tsaya tunani a jikin bango, yi tunaninka a ƙasa.

Anti Obalende: Kowa da lokacinsa ɗana, kai kana da awa biyar, shi daga shago yake dawowa a gajiye. Ɗan Agege, minti 40 ya isa a dare, in ka ga kana mutuwa a wurin da ka riga ka iya to hannu ya gaji, danna Save and Quit ka kwanta, zai dawo da kai ɗakin da ka tsaya. Sannan in ka kai wajen Oshiro, yana daidaita tsayinsa da naka ne kafin ya taso, kana iya dira a kansa ya cilla ka sama.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Daren jiya na jona waya na koma kibiya, ɗakin da ya riƙe ni kwana 3 na wuce shi a gwaji na 26, hannuna har rawa yake. Assist ɗin ban kunna ba tukuna, zan gwada Oshiro zuwa Juma'a, in ya gagara zan saka 80 kamar yadda Anti ta ce. Yaya Baban Hafsa, kama bangon a wane maɓalli ka saka shi? Nawa yana kan na bayan pad kuma yatsana na ciwo in na daɗe a riƙe.