Bol-join na ƙasa ya yi sako-sako: a matse ko a canza?

Mai A-kori-kura: Salam jama'a. Hilux gare ni ta 2008, da ita nake ɗaukar hatsi daga Dawanau. Sati biyu ke nan duk na faɗa rami sai in ji ƙwas a gaba ta hagu, tayar kuma tana cin gefe ɗaya. Bakanike ya ɗaga ta a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ce bol-join na ƙasa ne, wato gaɓar da ke haɗa taya da jikin mota, robarsa ta yage, giris ya tsiyaye. Wai ko in sayi sabo, ko ya matse min wannan a dubu 4 ya kai ni bayan Sallah. Ranar Asabar ina da lodin masara buhu 10 zuwa Haɗeja, aljihu kuma shiru. Wanda ya taɓa matsewa, kwana nawa ya yi masa?

Ɗan Kwanar Dawaki: Shok ne wannan, Malam. Tawa haka ta yi, na canza shok magana ta mutu.

Mai A-kori-kura: An duba shok, lafiyarsa ƙalau.

Direban Tumatir: Ɗan'uwa, don Allah kar ka matse. Shekara uku da suka wuce aka buga wa nawa guduma a gareji, aka cusa leda a ciki, aka ce in tafi in daɗe. Kwana tara ya yi. Na taso da kwandunan tumatir, na wuce Zariya kaɗan, ban ma kai gudun 60 ba na ji kamar an harbi motar. Taya ta kwanta ƙarƙashin mota, gaba ya daki kwalta, sitiyari a hannuna amma ba ya juya komai. Allah ne ya sa babu tirela a bayana. Yaron motata sai da aka yi masa ɗinki a goshi. A bakin titi muka kwana, kafin a samo kayan gyara rana ta gama da tumatir, rabi ruwa ya zama. Mai kaya bai yafe ko sisi ba, wata biyar ina biya. Da na koma wurin bakaniken, ka san abin da ya ce min? Wai lodi na yi mata fiye da ƙima. Ko sannu.

Baban Yara: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba.

Sarkin Zolaya: Wata biyar kana biyan tumatir, miyar gidanka kuma ta kuka. 😂

Direban Tumatir: Kai dai ba ka taɓa kwana a daji da kayan mutane ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: A nan wurinmu dubu 12 za ka samu sabo a kwali, ka zo da tsohon a gwada.

Baban Yara: Dubu 12? Ni 35 na sayi guda ɗaya watan jiya. Na 12 ɗin nan kwalin ne kawai sabo.

Ɗan Maraɗi: Mu nan na Kwatano muke sawa, wanda aka ciro daga wata mota. Jika goma ta sefa na ba da, shekara biyu bai yi ƙara ba.

Oga Bakanike: Ku bari wanda ke kwana ƙarƙashin mota ya yi magana. Bol-join ƙwallon ƙarfe ne a cikin kofi, da giris, roba ta rufe. Roba na yagewa ƙura da ruwa su shiga su cinye wurin zaman. Guduma ba ta mayar da abin da ya cinye, bakin kofin kawai take lanƙwasawa ƙarar ta ɗauke. Alhaji, kafin ka kashe kuɗi, a sake ɗaga motar wani ya taka birki a girgiza tayar. In wasan tayar ya ɓace, boris ne, wanda taya ke juyawa a kansa. In dama da hagu take wasa, a duba tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. In bol-join ne ka canza, ka duba na dama shi ma, tun da tare suka tsufa, sannan a yi alaimen, wato saitin tayoyi, ko sabuwar taya ta tafi a banza. Na Kwatano kuwa sa'a ce, ba ka san tafiyar da ya yi ba.

Direban Tumatir: Oga, bayani kamar a aji. To wa ya buga wa nawa guduma, liman?

Oga Bakanike: Ku ne kuke zuwa da dubu 3 ku ce a lallaɓa. Mu ƙi, ku tafi rumfar gaba.

Tsohon Direba: Yara, shekara 30 na yi a kan Fijo 404 a-kori-kura, Kano zuwa Nguru. Da robar tayub muke ɗaurewa mu iso gida.

Sarkin Zolaya: Baba, lokacin ai jaki ma yana wuce ku.

Baban Yara: Ni abin da ke ci min rai ba guduma ba ce. Ka ba yaron gareji dubu 35 ya sayo, ya sayo na 12, mai shago ya rubuta masa rasit na 35. Yanzu da ƙafata nake shiga kasuwa, kuma sai an kwance tsohon a gabana an sa min a bayan mota.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ba kowane shago ba, Alhaji. Kuma su yaran ne ke cewa in ba ka rubuta ba gobe ba za su kawo ciniki ba.

Oga Bakanike: Yaron da ogansa ke ba shi ɗari biyar na abinci ya wuni, me kuke so ya yi?

Mai A-kori-kura: Jama'a, Asabar fa jibi ce. Na 12 ɗin zai kai ni Haɗeja ya dawo da ni?

Baban Yara: Ni har batir aka taɓa musanya min a gareji. Sai da na je wanki na ga ba tambarina ba ne.