Neman shawara: 'yata ta shaƙu da katun ɗin Japan na 'yan matan sakandare, in hana ta ko in bar ta?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan 'yata mai shekara 14, wadda ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare a bana. An yi wa mahaifinta canjin wurin aiki, muka tashi daga garin da ta girma, ta rabu da ƙawayen da suka taso tare tun firamare, kuma yau wata huɗu ke nan ban ji ta ambaci sunan ko da yarinya ɗaya daga sabuwar makarantar ba. Abin da ta kama shi ne katun ɗin Japan da ake kira anime, musamman wani mai suna K-On!, wanda take kallo a wayata idan ta gama aikin makaranta. Ranar Asabar na zauna kusa da ita na kalli kashi biyu, kuma gaskiya ban gane inda aka dosa ba. 'Yan mata huɗu ne a wani ɗaki na makaranta suna shan shayi da kek, suna zolayar juna, sai can a ɗauki jita a ɗan kaɗa. Babu mugu, babu faɗa, babu ma soyayya, amma ita tana ta ƙyalƙyala dariya irin wadda na daɗe ban ji daga bakinta ba. Ina so masu sanin harkar su gaya mini ko akwai abin da ya kamata in ji tsoro a cikin irin waɗannan shirye-shirye, kuma ko ba za su ƙara nesanta ta da mutane ba.

Amsar wani ɗalibin jami'a:

Wa alaikumus salam, Mama. Abin da kika gani wani rukuni ne na musamman da Japanawa ke kira nichijou-kei, wato labaran rayuwar yau da gobe, kuma rashin mugun da kika lura da shi da gangan aka yi shi. Yawancinsu sun samo asali ne daga labaran zane masu gida huɗu-huɗu da ake bugawa a mujallu, inda kowane tsiri yake ɗauke da raha guda ɗaya, shi ya sa ko da aka mayar da su talabijin, kowane kashi na kusan minti 24 yake zama tamkar tarin ƙananan hirarraki. Wanda ake yawan cewa ya share wa rukunin hanya shi ne Azumanga Daioh na shekarar 2002, mai kashi 26, wanda ya bi wasu 'yan mata tun daga shigarsu babbar sakandare har ranar da suka kammala. Kamfanin Kyoto Animation ya fitar da Lucky Star a 2007, sannan K-On! a 2009 a ƙarƙashin darakta Naoko Yamada, da kashi 13 a zangon farko, 26 a zango na biyu a 2010, da fim a 2011 inda 'yan matan suka je Landan.

Akwai labari a cikinsa, sai dai yana tafiya ne da kalandar makaranta. A Japan shekarar karatu tana farawa a watan Afrilu ta ƙare a Maris, kuma bayan an tashi darasi ɗalibai kan zauna a ƙungiyoyin makaranta na wasanni ko kiɗa ko zane. Ƙungiyar kiɗan da ke cikin K-On! tana gab da rushewa ce saboda ba ta cika mutum huɗu ba, sai aka jawo Yui, yarinyar da ba ta taɓa riƙe jita ba. A kashi na biyu ƙawayenta suka yi aikin ƙirga motoci a bakin titi domin su taimaka mata ta sayi jita mai tsadar yen 250,000, a na uku kuma ta faɗi jarrabawa, ƙawarta Mio ta zaunar da ita ta yi mata bita har ta ci ɗari bisa ɗari, sannan ta manta duk kiɗan da ta koya. Idan 'yarki ta kai ƙarshen zango na biyu, inda huɗun suke kammala makaranta su bar Azusa, 'yar ajin ƙasa da ta shigo daga baya, ita kaɗai a ƙungiyar, za ki ga hawaye a maimakon dariya.

Amsar wata malamar sakandare:

Hajiya, ni ma ina kallonsu, amma ina so in ƙara wani abu da ɗan'uwana bai taɓo ba, domin shi ne ainihin abin da uwa take buƙatar sani. Duk da cewa jaruman 'yan mata ne, ba don 'yan mata aka fara rubuta yawancin labaran ba. K-On! ya fito ne daga mujallar Manga Time Kirara ta kamfanin Houbunsha, wadda ake bugawa domin samari da manyan maza, kuma cikin dare ake nuna irin waɗannan shirye-shirye a tashoshin Japan. Wannan bai sa dukkansu suka zama na banza ba, amma shi ne dalilin da ya sa kusan kowanne yake da kashin zuwa bakin teku da kayan ninkaya, ko na wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi. A K-On! kashi na huɗu ne na farkon irin wannan, kuma akwai wata malama mai son sanya wa yaran tufafin wasa da ba su dace ba. A Azumanga Daioh akwai wani malami namiji da aka gina raharsa gaba ɗaya a kan kwaɗayinsa ga ɗalibai mata, kuma ni dai, a matsayina na mai koyarwa, ban taɓa ganin abin dariya a wurin ba. Asobi Asobase na 2018 kuwa, zanensa kamar na yara, amma barkwancinsa yana da batsa, ki ajiye shi gefe.

Babban gargaɗina shi ne kada ki yarda da hoton bango. Akwai wani mai suna School-Live! na 2015 da yake farawa tamkar K-On!, da 'yan mata masu fara'a a ƙungiyar makaranta, sai a ƙarshen kashin farko a nuna cewa gawarwaki masu tafiya sun mamaye garin kuma yarinyar da muke bi ta samu taɓin hankali. Haka Madoka Magica na 2011, wanda kisa mai tayar da hankali yake jiran mai kallo a kashi na uku. Kafin ta fara kowane sabon shiri, ki nemi bayanin shekarun da aka ƙayyade masa, ki kuma kalli kashi uku na farko da kanki. Za ki kuma ci karo da ziyarar wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, a daren sabuwar shekara da bikin Kirsimeti, domin al'adarsu ce, kuma yarinya mai shekara 14 za ta fahimta idan aka yi mata bayani da hankali.

Amsar wani uba:

Hajiya, ki yi haƙuri, ni zan saɓa wa waɗanda suka gabace ni. Ban musanta cewa shirin yana da tsabta idan aka kwatanta shi da abin da ke yawo a wayoyi ba, amma matsalar da kika kawo ta kaɗaici ce, kuma ƙawayen cikin allo ba sa zuwa dubiya idan mutum ya kwanta ciwo. Ƙawancen da ake nunawa a can yana da sauƙi fiye da kima, babu gulma, babu gori, babu wadda za ta yi fushi ta ƙi magana har mako guda, kuma yarinyar da ta saba da wannan za ta iya ganin 'yan ajinta duk ba su kai ba. Ga kuma batun kiɗa da gajerun siket, wanda kowane gida yake da matsayinsa a kai. Da ni ne, zan rage lokacin kallon zuwa ƙarshen mako, in sa ta a islamiyyar unguwa inda za ta haɗu da sa'o'inta, in kuma je in ga malamar ajinta a ji yadda take zama a makaranta.

Amsar wata matashiya:

Anti, maganar Baba gaskiya ce ta wani ɓangare, kuma shawararsa ta ganin malamar aji ita ce ta fi gaggawa, amma ina roƙon kada a ƙwace kallon a matsayin hukunci. Ni ma an canja mini makaranta ina aji biyu na babbar sakandare, na shafe kusan zango guda ina cin abincina ni kaɗai a bayan aji, kuma irin waɗannan shirye-shirye ne suka riƙe ni a lokacin. Yarinyar da take dariya tana kallon ƙawaye huɗu suna shan shayi tana gaya miki abin da take kewa ne, ko da bakinta bai furta ba.

Game da cewa ƙawancen ya yi sauƙi da yawa, akwai waɗanda suka shiga wurin da ke da wuya, kuma su nake so ki sa mata a gaba. Na farko shi ne A Place Further than the Universe, na kamfanin Madhouse, 2018, kashi 13. Labarin 'yan mata huɗu ne da suka bi ayarin masu bincike zuwa Antaktika, domin mahaifiyar Shirase, ɗaya daga cikinsu, ta ɓace a can, ita kuma Shirase ta tara yen miliyan ɗaya daga ƙananan ayyuka tana jure ba'ar 'yan makaranta. A kashi na biyar aminiyar yarintar Kimari, wata daga cikin huɗun, ta zo da sassafe ta amsa cewa ita ce ta riƙa yaɗa jita-jita domin tafiyar ta rushe, saboda ba ta jure ganin Kimari ta daina dogaro da ita ba. Wata kuma, Yuzuki, wadda aikin fim tun tana ƙarama ya hana ta yin ƙawa, har takardar yarjejeniyar ƙawance ta rubuta ta ce a sa mata hannu, domin ba ta san yadda ake tabbatar da abin ba. Duk wadda ta taɓa zama baƙuwa a aji za ta gane wannan takardar. Ki dai sani cewa akwai zancen rasuwar uwa a ciki, kuma kashi na 12 yana da nauyi, ya fi kyau ku kalle shi tare.

Na biyu shi ne Laid-Back Camp, shi ma na 2018, wanda yake gudana a lardin Yamanashi kusa da dutsen Fuji. Rin yarinya ce mai son kafa tantinta ita kaɗai a lokacin sanyi, ta haɗu da Nadeshiko, wadda ba ta daɗe da ƙaurowa garin ba, a bakin tafkin Motosu, ta ba ta taliya mai zafi, daga nan abota ta fara. Abin da nake so a cikinsa shi ne babu wadda ta matsa wa Rin ta sauya hali, ana gayyatarta, wani lokaci ta zo, wani lokaci ta ce a'a, kuma ba a riƙe ta a zuci. Yana da wuraren wankan ruwan zafi da wata malama mai shan giya, sai a kula. Bocchi the Rock! na 2022 ya fi kowanne fito da tsananin kunya, domin jarumarsa a cikin kwalin mangwaro ta ɓuya ta yi wasanta na farko a gaban jama'a, amma yawancinsa a gidan kiɗa na dare yake gudana kuma akwai wata mashayiya a ciki, don haka ni zan jinkirta mata shi.

Ƙarin bayani daga ɗalibin jami'a:

Mama, idan batun kiɗa ko sutura ne ya fi damun gidanku, akwai Keep Your Hands Off Eizouken! na 2020, wanda tashar NHK ta nuna, kashi 12, a kan 'yan mata uku da suka kafa ƙungiyar yin katun a makaranta, ɗaya mai ƙirƙirar duniyoyi a takarda, ɗaya mai zana motsi, ɗaya kuma mai riƙe kuɗi da jadawali wadda ba ta da wasa ko kaɗan. Non Non Biyori na 2013 kuma labarin yarinya ce da ta baro Tokiyo zuwa wani ƙauye inda makarantar gaba ɗaya ɗalibai biyar ne a aji guda. Ba 'yan babbar sakandare ba ne, amma halin da take ciki ya yi kama da na 'yarki.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, na duba jerin abubuwan da ta adana, School-Live! yana ciki amma ba ta fara ba, na cire shi kuma na gaya mata dalili. Alhaji, ranar Talata zan je wurin malamar ajin, kuma mun yi magana da mahaifinta a kan islamiyya. Jiya da daddare na tambaye ta wace ce ta fi so a cikin 'yan matan, na zaci za ta ce Yui mai ban dariya, sai ta ce Azusa, domin ita ce ta zo daga baya ta tarar kowa ya riga ya san kowa. Daga nan ta gaya mini cewa akwai wata yarinya a layin bayanta a aji da ke zana irin waɗannan fuskoki a bangon littafinta na lissafi, kuma sati uku ke nan tana son ta yi mata magana ta kasa. Na ce ta tambaye ta ranar Litinin ko wane shiri take kallo. Ke kuma matashiya, na samo na Antaktikan, mun sa ranar Juma'a bayan sallar isha'i mu fara kashi na farko tare.