Haɗa jita a gida a Kumasi: wane katako, wane gam, a wane lokaci?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sana'ata kafinta, kuma ina so in haɗa jita mai tsirkiyar ƙarfe a gida. Ina da allunan safele da na wawa da na saya a kasuwar katako ta Sokoban. Katakon wawa zai yi fuskar jita, tunda ba shi da nauyi? Kauri nawa zan bar wa fuska da baya da gefe? Ba ni da injin lanƙwasa gefe, yaya ake yi? Sannan farin gam da muke haɗa kujeru da shi zai riƙe? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Kafinta, Asawase:

Wa alaikumus salam ɗana. Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi kashe jita a garin nan: danshi. Masana'antun jita suna aiki a ɗakin da danshin iskarsa bai wuce kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari ba. Mu kuwa da damina yakan haura 80. Fuskar jita tana da faɗin wajen santimita 40, kuma katako ta faɗi yake tsukewa idan ya bushe, ba ta tsawo ba. Haƙarƙarin da za ka manna a cikinta, wato sandunan katako masu tallafe ta, a gicciye suke, ba za su tsuke tare da ita ba. To idan ka manna su a watan Yuni katako na cike da ruwa, hunturu na zuwa fuskar za ta nemi tsukewa, haƙarƙari su hana ta, sai ta tsage, galibi daga bayan jaki (katakon da ake ɗaure tsirkiya a kan fuska) zuwa gindi ko a gefen allon yatsu. Idan kuwa da hunturu ka manna, tsakanin Disamba da Fabrairu, damina ta zo sai fuskar ta ɗan kumbura sama kawai, ba ta fashewa. Saboda haka yi yanka da fira da wuya duk lokacin da ka ga dama, amma manna haƙarƙari da rufe akwatin ka bar wa hunturu. In ba za ka iya jira ba, haɗa akwatin filawud, ka sa ƙwan lantarki irin na da mai zafi, wat 40 ko 60, da ƙaramar na'urar auna danshi, katakon ya kwana a ciki har ta tsaya kusa da 45.

Allunan da ka saya kada ka yarda sun bushe. A tsaga maka su zuwa milimita 4 ko 5, ka jera su da 'yan sanduna a tsakani, ka ɗora nauyi a sama, a inuwa inda iska ke ratsawa. Kowane mako ka ɗora ɗaya a sikeli. Sai nauyinsa ya daina raguwa makonni uku a jere za ka fara aiki. Ka kuma duba bakin allon: layukan katakon su kasance a tsaye, ba a kwance ba. Mai layi a kwance ya fi motsi, ya fi kantarewa. Fuska da baya kowanne rabi biyu ne daga allo ɗaya, a buɗe su kamar littafi a haɗa a tsakiya.

Wawa ban ba ka shawararsa a fuska ba. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna ja da nauyin da ya kai kilo 70, wawa kuma laushi gare shi, ga ƙwaron nan mai mayar da katako gari yana sonsa. Yi sifar jiki da shi, wato mazubin da ake matse gefen jita a ciki, ka koyi lanƙwasa a kansa. Safelen naka ya isa fuska da baya da gefe gaba ɗaya; ɗan'uwan maɗaci ne, kuma kamfanin Martin na Amurka ya daɗe yana yin jita da irin wannan dangin katako tun daga fuska har baya. Muryar irin wannan jita ba ta kai ta sifurus (katakon waje da aka saba yin fuska da shi) tashi ba, amma tana da zaƙi. Kauri: fuskar safele milimita 2.4 zuwa 2.6, baya 2.4, gefe 2 zuwa 2.2. In ka dace da allon sifurus daga cikin mataccen fiyano, bar shi a 2.8 zuwa 3. Wuya ka nemi sedrela ko maɗaci busasshe mai miƙaƙƙen layi. Odum ka rabu da shi, ya yi nauyi, yana dakushe kaifi, ƙurarsa kuma tana damun ƙirji. Madobiya ma kada ka saya ko da an tallata maka: gwamnati ta hana sarewa, kuma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu neman ƙarewa, ta sa wa ido.

Mai Walda, Suame:

Baba ya gama magana a kan katako. Lanƙwasa ba ta bukatar inji. Nemo guntun bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6 zuwa 8, tsawon santimita 30, a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, ba za ka rasa ba. Kada ya zama mai farin shafe irin na ruwa, hayaƙinsa guba ne idan ya yi zafi. Ɗaure shi a kwance a bakin tebur, ka hura masa wutar gas ta ciki ko ka zuba garwashi. Gwajin zafi: ɗiga ruwa a kai. In ya tsaya yana tafasa, da saura.  In ɗigon ya dunƙule yana tsalle, to daidai ne, wajen digiri 150 zuwa 170.

Fesa wa katakon ruwa kawai, kada ka jiƙa shi ya kwana. Layin safele a sarƙe yake, ruwa da yawa yana sa shi ya yi tudu da kwari. Fara da ƙugu, inda lanƙwasar ta fi tsanani. Riƙa goga shi a kan bututun gaba da baya da ɗan matsi, za ka ji lokacin da ya saki a hannunka, sannan ka ƙara. Duk wanda ya danna kafin ya saki, karyewa zai yi. Sa siririn falle na ƙarfe a bayansa ka riƙe tare, yana hana zaren katakon tashi. Kana gamawa ka saka shi cikin sifar, ka matse, ya kwana biyu.

Farin gam kuwa, a'a. Ko ya bushe yana da ɗan taushi, kuma da zafi da jan tsirkiya sai ya riƙa zamewa a hankali har jaki ya ɗaga. Gam mai wari na manna fomaika ya fi shi muni. Nemi gam ɗin katako na Titebond Original, ko gam na fata da ake jiƙawa a narkar a cikin ruwan zafi digiri 60, ba a bari ya tafasa. Wurin manna haƙarƙari ba sai ka sayi kilam ashirin ba: kafa allo a sama da tebur kamar santimita 60, ka tsaga gora sirara masu ɗan fin wannan tsawo, ka lanƙwasa kowace ka tokare ta tsakanin allon sama da haƙarƙarin.

Malamin Jita, Alabar:

Ƙanena, jita tana iya yin kyau a ido amma ta ƙi daidaita sauti, kuma lissafin firet, wato 'yan ƙarafan da ke gicciye a kan allon yatsu, shi ke jawo haka. In tsawon tsirkiya daga ƙashin wuya zuwa ƙashin jaki, wato ƙasusuwan biyu da tsirkiya ke hawa a kansu, milimita 645 ne, raba shi da 17.817, firet na farko ya faɗa a 36.2. Cire wannan, raba ragowar 608.8 da lambar nan, ka sami 34.17, wato na biyu yana 70.37. Haka har ƙarshe. Na 12 dole ya faɗa a 322.5, in bai faɗa ba ka koma lissafi. Kowane firet ka auna shi daga ƙashin wuya, kada ka auna daga na kusa da shi, don kuskure taruwa yake yi. Tsagin da firet ke shiga milimita 0.6 ne, zarton kafinta ya yi masa faɗi.

Ƙashin jaki ba a 645 cif yake zama ba. Danna tsirkiya yana ƙara mata ja, don haka a matsar da shi baya, milimita 2 a wajen siririya, kusan 5 a wajen mai kauri. Kafin ka manna wuya, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan firet, bakinsa ya sauka daidai saman katakon jaki mai kaurin milimita 9. Kuma kada ka bar wuyan ba sandar ƙarfe mai juyawa a ciki. Ƙasusuwan biyu daga ƙashin ƙafar saniya ake yi. Karɓo wurin mahauta, ka dafa, ka cire kitsen sarai, in ba haka ba maiƙo zai riƙa fitowa.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, haƙarƙarin fa, da wane katako tunda ba ni da sifurus, kuma yaya girmansu?

Tsohon Kafinta, Asawase:

Sedrela zai yi, ko farin katakon fayin na akwatunan kaya da ke zuwa daga waje, in ka zaɓi marar ƙulli mai matsattsen layi. Faskara shi za ka yi da cizal, kada ka yanka da zarto, don ya bi layinsa. Manyan biyun su gicciye ƙasa da ramin sauti kaɗan, faɗi milimita 8, tsayi 15 a mahaɗa, su riƙa sirancewa zuwa baki. Mahaɗar a sassaƙa rabi da rabi su shiga juna ba rata, a manna ɗan falle a kanta. Ƙafafunsu na ƙasa su bi ta ƙarƙashin fikafikan jaki, tsakaninsu kuma ka manna allo mai tauri na milimita 2.5, don kan tsirkiya kada ya ci fuskar. In za ka rage su, riƙe fuskar da yatsu biyu kusa da baki, ka ƙwanƙwasa wurin jaki, ka fere kaɗan, ka sake ji; da sautin ya buɗe ya fara daɗewa, ka tsaya. Wurin da jaki zai zauna kuma ka kankare fenti tas har katako ya fito, gam ba ya kama fenti.