Gurbi huɗu a sashen labarin ƙasa, duk 'yan gida suka cike

Baban Ummi: Jama'a, shirun ya isa haka. Wata jami'ar tarayya ta ɗauki malamai huɗu a sashen labarin ƙasa, ba talla a jarida, ba wanda ya ji ranar intabiyu, sai dai aka wayi gari da sababbin sunaye a jadawalin darasi. Kuma dukansu 'yan gida. Ka'idar Hukumar Raba Daidai ba a ɓoye take ba: talla a jaridun ƙasa biyu, a ba masu nema mako shida. Ni dai na ce ɗaukar aiki ta bayan fage ce ta kashe bincike a wannan fanni. Wanda zai ji haushi ya ji.

Mai Taswira: Malam, tsaya tukuna. Wane ne ɗan gida? Wanda ya yi digirinsa a sashen, ko ɗan asalin jihar? Ba abu ɗaya ba ne.

Hajiya Dakta: In ɗalibin sashen yake nufi, to ina laifin? Da ma haka tsarin yake. Wanda ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu, ya gama bautar ƙasa, a riƙe shi mataimakin malami. Sashe ya yi shekara huɗu yana kallonsa a aji da wajen aikin fili, ya fi sanin sa a kan baƙon da za a gani minti talatin a ɗakin intabiyu.

Baban Ummi: Hajiya, maganar talla nake yi.

Hajiya Dakta: Kai ka kawo kalmar, ƙanena. Akin Mabogunje a Ibadan ya fara karatu, ya je Landan ya ƙaro, ya komo Ibadan ya koyar. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, a 1980. To ga ɗan gida nan.

Ɗan Fili: Ai kin faɗa da bakinki, ya je Landan. Matsalar ita ce mai digiri uku a ƙarƙashin inuwa ɗaya, malami ɗaya ya duba masa na biyu da na uku, sannan su zauna ofis ɗaya. Wa zai ce wa wani ka yi kuskure? Michael Mortimore fa Bature ne. Ya koyar a Zariya tun 1962, daga baya ya koma Bayero, kuma har yau in za a yi maganar noma a ƙauyukan da ke zagaye da Kano, ko ƙauyen Dagaceri, sai an buɗe aikinsa.

Hajiya Dakta: Mutumin da ya haura shekara ashirin a Arewa ai ya zama ɗan gida.

Ɗan Fili: To in haka ne kowa ma ɗan gida ne, sai mu tashi.

Tsohon Magatakarda: Ku bar ni in sa baki, don kuna ta jayayya ba ku taɓa inda gizo ke saƙar ba. Sashe ne ke rubuta buƙatarsa, shugaban tsangaya ya sa hannu, takarda ta je ofishin magatakarda a duba ko akwai gurbi a kasafin albashi. Sai a tace masu nema, a yi intabiyu, kwamitin ɗauka da ƙarin girma ya amince. Mai neman kujerar farfesa ko ta mataimakinsa kuwa, sai an aika rubuce-rubucensa ga masu tantancewa uku a wasu jami'o'in, abin da kan ci watanni. Shi ya sa ake gudun ɗauka daga sama. Ga inda ake faɗuwa: NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, na son kashi 20 cikin ɗari na malamai su zama farfesoshi da mataimakansu, kashi 35 manyan lakcarori, sauran 45 na ƙasa. Farfesa ya cika saba'in ya yi ritaya, sai a maye gurbinsa da ƙananan malamai, don su suka fi sauƙin samu. Kafin shekara ta zagayo rabinsu sun tafi ƙaro karatu da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, shekara biyu digiri na biyu, uku ko fiye digirin digirgir. A takarda sashe ya cika, a aji ba kowa, mai duba ɗaliban digirgir ya ragu da ɗaya. Ranar da 'yan tantance kwasa-kwasai na NUC suka zo sai a shiga aron malamai daga maƙwabta.

Mai Taswira: Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Amma ni a wajena ko ɗan gida ko ɗan dawa, a gwada shi. A ajiye masa kwamfuta mai QGIS, manhajar haɗa taswira, a ba shi hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda kowane ɗigonsa mita goma ne a ƙasa, a ce ya ware gona da gari da fadama cikin awa ɗaya. Sannan a miƙa masa tsohuwar taswira mai ma'aunin Minna, wato tsarin awon da taswirorin Najeriya na da suka bi, a ce ya ɗora ta a kan abin da GPS ya ɗauko. In bai juya ma'aunin ba, gonar mutum sai ta koma kan titi. A tambaye shi Kano a wane yanki take a UTM, tsarin da ya raba duniya yanki-yanki don awon taswira. Wanda bai san 32 ba ne, Sakkwato 31, Maiduguri 33, me zai koya wa yara?

Ɗan Fili: Ga su nan, 'yan danna kwamfuta. Tun da Amurka ta saki hotunan taurarinta na Landsat kyauta a 2008 kowa ya zama masani daga kan kujera. Taswirarka ta ce daji ne, ka je ka tarar gonar gero ce da gawo a ciki. Wa zai haƙa rami ya karanta wa ɗalibai launin ƙasa hawa-hawa? Wa zai zauna da mai unguwa ya tambayi yadda ake gadon gona?

Mai Taswira: Ba wanda ya hana ka haƙa raminka, Yallaɓai.

Bakatsiniya: Ni tun farko sunan ne ke ba ni haushi. Labarin ƙasa, sai ka ce tatsuniya. Shi ya sa iyaye ke raina kwas ɗin. A ce ilimin ƙasa.

Hajiya Dakta: Ilimin ƙasa kuma sai a ɗauka na masu duba ne, ko na masu nazarin duwatsu. Bar mana sunanmu, da shi muka taso tun firamare.

Baban Ummi: Don Allah, wa zai amsa mini maganar talla?

Mai Kula da Zaure: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta, mafi yawanmu mun yarda riƙe haziƙan ɗaliban sashe ba laifi ba ne, Hajiya Dakta ta kawo hujja da Mabogunje kuma ba wanda ya iya rushe ta. An kuma yarda duk wanda za a ɗauka ya iya GIS, wato aikin taswira da kwamfuta. Baba Magatakarda ya nuna cewa matsalar kuɗi ce, ba son kai ba. Maganar suna a bar ta sai wani jiƙon. Na rufe.

Ɗan Fili: Su wa suka yarda? Mutum biyu ne mafi yawa? Kuma Baba bai ce kuɗi ba, cewa ya yi ana cike gurbin farfesa da yara. Malam, faɗa mana inda ka yi digirinka na uku tukuna kafin ka rufe.